Gidan Abba a Bristol

Tun shekarar da labari ya iso Zariya cewa Yaya ta fitar da Abba daga gidanta ta kai shi inda ma'aikata ke kula da shi, dangi ba su daina magana ba. Wasu suka ce zaman Turai ya busar mata da zuciya. Gwaggonmu ta ce ita dai ba ta taɓa jin inda uwa tana raye aka ba bare riƙon ɗanta ba. Abba shi ne ɗan Yaya na fari, sunan mahaifinmu ya ci, shi ya sa ba mai kiran sunansa na yanka. An haife shi a 1994 lafiyarsa ƙalau, har annobar sanƙarau ta 1996 ta ratsa Arewa, wadda ta kama mutum fiye da 100,000, ta kashe sama da 11,000. Shi ya tsira da ransa, amma ta bar masa farfaɗiya da jinkirin fahimta. Daga baya aiki ya kai mahaifinsa Ingila, ya kwashi iyalinsa, can kuma Allah ya yi masa rasuwa. Yaya ta ci gaba da riƙon Abba ita kaɗai har ciwon gwiwa da na suga suka ci ƙarfinta. Da ta gayyace ni a ƙarshen Oktoban 2025, abin da ta ce a waya shi ne, "Auta, zo ka gani da idonka."

Daga Abuja zuwa filin jirgin Heathrow na Landan awa shida ce da 'yan kai. Kilishin da aka so in tafi da shi a gida ya tsaya, domin dokar Birtaniya ta hana matafiyi daga ƙasashenmu shiga da nama ko madara, sai na cika jaka da kuka, busasshiyar kuɓewa, yaji da ƙuli-ƙuli. Bas ta ɗauke ni ta babbar hanyar M4 zuwa yamma, ana yayyafi, ganyen bishiyoyi duk sun yi ja sun zube. Bristol tsohuwar tashar jiragen ruwa ce a bakin kogin Avon, kuma dukiyarta ta dā tana da jinin bayin Afirka a ciki. A nan ne matasa suka tumɓuke mutum-mutumin Edward Colston, wani attajirin dā mai cinikin bayi, suka jefa shi ruwa a watan Yunin 2020. Yaya tana zaune a unguwar Easton, inda in ka bi titin Stapleton za ka ga shagunan Somaliyawa da mahautan naman halal a jere, ga ƙamshin shayi mai kayan yaji yana tashi. An riga an mayar da agogo baya da awa ɗaya, saboda haka kafin ƙarfe biyar na yamma an yi magariba.

Gidan Abba yana wajen Fishponds, tafiyar 'yan mintuna a bas. Gida ne irin na kowa a layin, jan bulo, ƙaramin fili a gaba, ba allo, ba suna, ba abin da zai nuna wa mai wucewa cewa masu lalura ne a ciki. Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne Yaya ta danna ƙararrawa ta tsaya tana jira. Ba ta da makulli. Wani saurayi ya leƙo, katin shaidar aiki rataye a wuyansa, ya gaishe ta, sannan ya juya ciki ya ce da Turanci, Abba, ga mamarka da baƙo, su shigo? Sai da muka ji amsa daga ciki ya matsa mana. Yana jin Yaya ta ce mini "cire takalminka nan" sai ya washe baki ya ce, "Barka da zuwa, Alhaji, ya hanya?" Ashe ɗan Jos ne.

Abba ya fito, gabjejen mutum mai shekara 31, ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce, "Kawu, sannu da zuwa." Hausarsa ta gaisuwa ce da sunayen abinci, sauran duk Turanci. Shi ya zagaya da ni gidan, domin nasa ne. Wannan shi ne tushen tsarin da suke kira supported living, kuma sai da Yaya ta yi mini bayani sau da dama kafin ya zauna mini. Takardar haya da sunan Abba take, tsakaninsa da wata ƙungiyar samar da gidaje, kuɗin hayar kuma daga tallafin gwamnati yake fitowa. Kulawa kuwa daban take. Jami'ar walwala ta hukumar birni ce ta auna buƙatarsa a ƙarƙashin dokar kulawa ta 2014, ta ƙayyade awa nawa yake buƙatar mutum a kusa da shi, sannan aka ba wani kamfani kwangilar turo ma'aikata. In kamfanin ya yi sakaci, kamfanin ake kora, Abba yana nan a ɗakinsa. A gidan kula da tsofaffi ko naƙasassu irin na dā, masu ginin su ne masu kulawar, in kun ɓata kai ne za ka tattara kayanka. Har masu binciken hukumar da ke sa ido kan wannan aiki a Ingila, Care Quality Commission, wadda kowa ke ce wa CQC, ba sa shiga irin wannan gida sai mai gidan ya yarda.

Su biyu ne a gidan, shi da wani dattijo Bature mai fara'a, sai ƙaramin ɗaki na ma'aikacin da ke kwana. Tun kafin in buɗe ledar ƙuli-ƙuli ɗan Jos ɗin ya raɗa mini cewa don Allah kada in miƙa wa dattijon komai na ci ko sha. Bai faɗi dalili ba, ya ce sirrin mutumin ne. A bangon kicin na ga wani jadawali mai launi-launi da lambobi daga 0 zuwa 7, daga ruwa tsagwaronsa har abinci mai tauri. Ma'auni ne na duniya da ake amfani da shi wa masu wahalar haɗiya, Birtaniya ta koma kansa a 2019, domin a dā wani zai rubuta "abinci mai laushi" kowa ya fassara yadda ya ga dama, mutum ya shaƙe ya mutu. A cikin firij kuwa akwai shiryayye guda da aka liƙa wa sunan Abba, naman halal ne a kai, tukwanensa ma daban.

Banɗaki ne wurin da muka fi daɗewa, ko da yake mai karatu zai yi mamaki. Babu kwamin wanka, shawa ce kawai, da kujerar zama a ƙarƙashinta. Ƙofar waje take buɗewa, don in mutum ya faɗi a bayanta kada jikinsa ya tokare ta, kuma ana iya buɗe sakatar daga waje. An sa wa famfon wata na'ura mai gauraya ruwan zafi da na sanyi, ga ma'aunin zafi rataye da igiya, ga takardar da ake rubuta abin da aka auna. Ƙa'idarsu ita ce ruwan wankan mai rauni kada ya wuce digiri 44. In Abba zai yi wanka, ma'aikaci namiji yana tsaye a bakin ƙofa daga waje yana jan sa da hira, in ya ji shiru ya shiga. Yaya ce ta sa aka rubuta cewa namiji ne kawai zai taimaka masa da abin da ya shafi tsiraici, aka kuma amince.

Na ce mata wannan tsanani fa? Sai ta ba ni labarin Connor Sparrowhawk. Yaro ne ɗan shekara 18 mai farfaɗiya da galahanga (autism), aka kwantar da shi a wata cibiyar gwamnati mai suna Slade House a Oxford. A watan Yulin 2013 aka bar shi shi kaɗai a kwamin wanka, farfaɗiya ta taso masa, ya nutse. Binciken kotu a 2015 ya ce sakaci na cikin abin da ya kashe shi, a 2018 kuma aka ci hukumar lafiyar da ke tafiyar da wurin tarar fam miliyan 2 kan mutuwarsa da ta wata mata. Mahaifiyarsa ce ta tsaya kai da fata har gaskiya ta fito. Daga nan na fara lura cewa kusan duk ƙa'idar da aka nuna mini a gidan nan, in ka bi sawunta, za ka tarar da ran wani da ya salwanta kafin a rubuta ta.

Maganin Abba yana cikin ƙaramin akwatin ƙarfe da aka kafe a bangon ɗakinsa. Akwai takarda mai layi-layi, kowane magani da lokacinsa, kowace rana da gurbinta, wanda ya ba shi ya sa hannu nan take. In aka ga gurbi ba sa hannu, ba a cewa wataƙila an manta rubutawa ne. Ana ƙirga ƙwayoyin, a kira manaja, a nemi shawarar mai haɗa magani ko layin waya na 111 na neman shawarar lafiya. Akwai kuma maganin gaggawa, midazolam, da ake ɗura masa tsakanin kunci da dasashi in farfaɗiyar ta wuce minti biyar, kuma ba mai taɓa shi sai wanda aka horar. A ƙarƙashin katifarsa akwai na'urar da ke jin jijjigar jiki ta tayar da mai kwana a ɗaya ɗakin. Duk faɗuwar da ya yi ana rubuta ta: ƙarfe nawa, minti nawa, me yake yi kafin ta zo. Na tuna yadda ake yi a wajenmu, mai farfaɗiya ya faɗi a kasuwa mutane su dare don gudun yawunsa, wani kuma ya zo da cokali zai tura masa a baki. Ba a ɗaukar farfaɗiya ta yawu, cokalin kuma haƙori yake karyawa. Abin da ɗan Jos ya nuna mini shi ne a kawar da abin da zai ji masa ciwo, a sa abu mai laushi a ƙarƙashin kansa, a duba agogo, in jijjigar ta lafa a kwantar da shi ta gefe.

Kuɗinsa na kashewa ma haka. Gwangwani ne mai makulli da littafi, ko biskit aka saya sai an liƙa rasit, kuma duk lokacin da ma'aikaci zai miƙa wa wani aiki sai sun ƙirga tare. Ƙararrawar gobara ana gwada ta kowane mako, kuma kowannensu yana da rubutaccen tsarin yadda za a fitar da shi in wuta ta tashi da dare.

Duk wannan mai sauƙin yarda ne. Inda abin ya yi mini nauyi ranar Juma'a ce. Zuwa masallaci yana rubuce a cikin tsarin kulawarsa, saboda haka muka tafi tare, mu uku, muka yi salla a Easton. Muna fitowa Abba ya shiga shago ya sayi ƙatuwar kwalbar lemo mai gas da soyayyen dankali. Da muka isa gida Yaya ta gani, ranta ya ɓaci. Ta ce wa ɗan Jos, "Haba ɗana, kana kallo? Ni ga suga, ubansa ma da shi ya tafi, likita ya ce ya rage ƙiba." Shi kuwa cikin ladabi ya ce, "Mama, na tuna masa abin da likita ya faɗa, na nuna masa marar sukari, ya ce wannan yake so. Ba ni da ikon ƙwacewa."

Ba taurin kai yake yi ba, doka ce. Dokar 2005 kan ikon yanke hukunci ta ce a ɗauki duk baligi a matsayin mai iya zaɓar wa kansa har sai an tabbatar ba zai iya ba, a kan wannan al'amarin, a wannan lokacin. Ta ce a yi duk abin da za a iya don a taimake shi ya gane, ko da hoto ne ko da maimaitawa. Ta kuma ce don mutum ya yi zaɓin da wasu ke gani wauta ne, wannan bai isa a ce ba shi da hankalin zaɓa ba. Sai inda aka auna aka ga lallai ba zai iya ba, kamar canza maganin farfaɗiya, sannan a zauna da likita da uwa da jami'ar walwala a yanke abin da ya fi masa alheri, ta hanyar da ta fi ƙarancin takura. Haka aka yi kan azumi: aka ji ta bakin likitansa, aka ji ta bakin limami, aka bayyana masa cewa marar lafiya yana da rangwame, shi kuma ya zaɓi ya riƙa zuwa buɗa-baki masallaci.

Na ga zafin abin a fuskar Yaya. Mace ta yi shekara da shekaru tana kwana da ido ɗaya saboda yaro, ranar da ya cika 18 doka ta ce daga yau shawara za a nema a wurinki, ba umarni ba. Duk da haka, bayan na juya maganar a raina, ina bayan dokar. Wanda aka saba yanke wa komai, daga abin da zai sha har lokacin da zai kwanta, ba zai iya buɗe baki ya ce a'a ba ranar da mugun hannu ya taɓa shi. Wanda ya saba a tambaye shi kafin a shigo masa gida, shi ne zai iya faɗa wa uwarsa cewa wane ya daka masa tsawa.

Mugun hannun kuwa ba nisa yake da Bristol ba. Wata rana muna cikin tasi ta arewacin birnin, Yaya ta nuna mini wani yanki na ofisoshi ta ce ta nan Winterbourne View yake. Asibiti ne mai zaman kansa mai gado 24 na masu jinkirin fahimta da galahanga, na kamfanin Castlebeck, ana biyan kimanin fam 3,500 a mako kan kowane majinyaci. A ranar 31 ga Mayun 2011 shirin Panorama na BBC ya nuna abin da ɓoyayyiyar kyamara ta ɗauka: ana marin mutane, ana danne su a ƙarƙashin kujera, ana watsa musu ruwan sanyi a bar su a waje. Ma'aikata 11 suka amsa laifi, 6 aka ɗaure a 2012, wurin kuwa tun 2011 aka rufe shi. Abin da ya fi ci wa mutane rai shi ne wani babban ma'aikacin jinya, Terry Bryan, ya riga ya kai ƙara ga shugabanninsa da CQC, ba wanda ya saurare shi, sai da ya je wurin 'yan jarida. Abba yana ɗan shekara 17 lokacin. Yaya ta ce a daren ta yi rantsuwa ba mai raba ta da ɗanta, kuma rantsuwar ta riƙe har ranar da ya faɗi a matakala ta kasa ɗaga shi. A 2019 aka sake ganin irin wannan a Whorlton Hall da ke yankin Durham, wurin da CQC ta riga ta ba shaidar "mai kyau". A shekarar ce kuma, a watan Satumba, 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasu da mari a ƙafa. Ƙasashen sun bambanta, amma abu ɗaya ne ya ba da dama a duka: ƙofa a rufe, dangi a nesa, ba mai shigowa ba zato.

Shi ya sa Yaya ba ta da ranar zuwa. Wani lokaci da safe, wani lokaci bayan isha. Ta ce darasi ne ta koya da tsada. Kamfanin farko da aka ba kula da Abba ya riƙa cike giɓi da ma'aikatan haya na kwana ɗaya, yau wannan gobe wancan. A wani ƙarshen mako aka tsallake masa maganin dare, washegari ya faɗi ya fasa goshi. Tabon yana nan. Hukumar birni ta buɗe binciken kariya kamar yadda sashe na 42 na dokar 2014 ya tanada, kamfanin ya rubuto abin da ya faru tare da ban haƙuri, domin ƙa'ida ta wajabta musu faɗin gaskiya in an yi kuskuren da ya cutar da mutum. Yaya ta karɓi takardar, ta kuma nemi a canza su. Aka canza.

A jakar da Abba ke fita da ita akwai wata takarda da suke kira fasfon asibiti: hotonsa, magungunansa, abin da jikinsa ba ya ɗauka, yadda yake nuna yana jin ciwo, abin da ke firgita shi. Ita ma akwai labari mai ɗaci a kusa da ita, kuma a garin nan ya faru. Oliver McGowan ɗan shekara 18 ne, shi ma sanƙarau ya taɓa shi yana jariri. A 2016 aka kai shi asibitin Southmead saboda farfaɗiya, aka ba shi olanzapine, alhali shi da iyayensa sun ce kada a ba shi irin wannan magani domin ya taɓa yi masa illa. Ƙwaƙwalwarsa ta kumbura, ya rasu a watan Nuwamba. Mahaifiyarsa Paula ta bi maganar har majalisa, kuma daga 1 ga Yulin 2022 doka ta wajabta wa duk mai rajista da CQC ya horar da ma'aikatansa kan jinkirin fahimta da galahanga. Horon da gwamnati ta tsara sunan Oliver yake ɗauke da shi, kuma masu lalurar da kansu suna cikin masu koyarwa.

Ɗan Jos ya yi wannan horon. Na gayyace shi shan shayi a wani shagon Somaliyawa ranar da ba ya aiki, ya ba ni nasa labarin. Malamin makaranta ne a gida. Ya zo bayan da Birtaniya ta buɗe wa masu aikin kulawa ƙofar biza a watan Fabrairun 2022, lokacin da guraben da ba kowa a wannan fanni a Ingila suka kai kimanin 165,000. Ya sayar da fili ya biya wani dillali, ya iso ya tarar kamfanin da ya ɗauki nauyinsa ba shi da isasshen aikin ba shi, daga baya ma aka ƙwace lasisin kamfanin na ɗauko ma'aikata daga waje. Ba shi kaɗai ba ne: gwamnati ta ce daga Yulin 2022 zuwa Disambar 2024 ta soke lasisin kamfanoni sama da 470, abin ya shafi ma'aikata fiye da 39,000. Allah ya taimake shi ya samu wannan kamfanin na yanzu. Kafin a bar shi ya kwana da Abba shi kaɗai sai da aka binciki tarihinsa ta hukumar DBS mai duba ko mutum ya taɓa yin laifi, aka nemi takardar 'yan sanda daga Najeriya da shaidar inda ya yi aiki, ya bi wani tsohon hannu yana kallo, ya kuma kammala takardar shaidar kulawa da aka ɓullo da ita a 2015.

Ya ce kafin nan ya yi aikin bi gida-gida, wato kula da tsofaffi a gidajensu. Waya ce ke nuna maka gidan da za ka, ka danna in ka shiga, ka danna in ka fita. Hukumar NICE mai fitar da ƙa'idojin aikin lafiya da kulawa ta ce tun 2015 ziyara kada ta gaza minti 30 sai da dalili, amma ya ce ya sha ganin jadawalin da aka jera gidaje ba a bar lokacin hanya ba. "Alhaji, tsohuwa tana son ta gaya maka ba ta yi barci ba, kai kuwa idonka na kan agogo. A nan ake yin kuskure." Albashinsa kaɗan ya ɗara mafi ƙarancin da doka ta sa a lokacin, fam 12.21 a awa daga Afrilun 2025. Kwanan da yake yi a gidan kuwa kuɗi ne dunƙule, tunda Kotun Ƙoli ta yanke a 2021 cewa awannin barci ba sa cikin lissafin mafi ƙarancin albashi. Daga Maris 2024 an hana sababbin zuwa taho da iyali, daga 22 ga Yulin 2025 kuma an rufe ɗauko masu wannan aiki daga waje gaba ɗaya.

Na tambaye shi me ya fi muhimmanci a duk abin da aka koya masa. Ya ce wanda ba a koya masa ba. Abba in farfaɗiya za ta zo, yakan yi shiru, ya riƙa murza kunnensa na hagu. Sai da ya yi watanni tare da shi ya gane, ya sa aka rubuta a fayil. Amma baƙon ma'aikaci da aka turo ƙarfe takwas na dare, ko ya karanta, idonsa bai saba ba. Wannan shi ne abin da ke hana Yaya barci yanzu, ba famfo ko akwatin magani ba. Kantunan sayar da kaya suna biyan kusan abin da ake biyan yaron nan, ba kwana, ba alhakin rai. In ya tafi, saninsa na Abba da shi zai tafi.

Kafin in baro garin aka yi zaman bitar tsarin kulawar Abba a ofishin kamfanin, ya ce Kawu ma ya zo. A bakin ƙofa an liƙa takardar CQC, domin wajibi ne a nuna ta. Tambaya biyar suke yi wa kowane kamfani: akwai tsaro, aikin yana amfani, akwai tausayi, ana biyan buƙatar mutum yadda take, shugabanci yana da kyau? Sakamakon kuma hawa huɗu ne, daga "fitacce" zuwa "bai isa ba". Nasu "mai kyau" ne. Yaya ta sa yatsa a kan kwanan watan, na ga tun kafin korona ne. Ba su kaɗai ba ne. Binciken da Dakta Penny Dash ta yi wa hukumar a 2024 ya gano cewa ziyarar binciken da take yi ta ragu zuwa ƙasa da rabin ta 2019, kuma kusan ɗaya cikin biyar na wuraren da ke ƙarƙashinta ba a taɓa ba su sakamako ba. Sakataren lafiya na lokacin, Wes Streeting, da kansa ya ce hukumar ba ta cika aikin da aka kafa ta dominsa. Duk mai ɗan'uwa a irin wannan kulawa, ya duba kwanan watan kafin ya duba sakamakon.

A zaman, Abba aka fara ba magana. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yana da katunan hoto a gabansa, ya ɗaga na gado ya ce na'urar katifarsa tana ƙara ba dalili tana tayar da shi. Manaja ta rubuta, ta sa ranar da za a canza ta da sunan wanda zai yi. Sannan ya ɗaga hoton jirgin sama ya ce yana son zuwa Zariya da Kawu. Yaya ta buɗe baki za ta ce a'a, sai ta yi shiru. Jami'ar walwala ba ta ce ba zai yiwu ba, ta jawo takarda ta ce to bari a jera abin da zai iya faruwa da yadda za a tare shi. Maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro sai likitansa ya zaɓa, domin mefloquine da chloroquine ba a ba mai farfaɗiya. Midazolam yana cikin magungunan da ake sa wa ido a iyaka, sai da wasiƙar likita. Ga katin rigakafin shawara, ga inshorar tafiya, ga tambayar ko ma'aikaci zai raka shi da wanda zai biya.

Sai aka juyo kaina aka fara tambayata gidanmu. Da me ake girki, kuma a ina? Akwai rijiya? Ɗakin da zai kwana a ƙasa yake ko a bene? Wa zai kwana kusa da shi? Minti nawa ne zuwa asibiti in dare ya yi? Na amsa abin da na sani. Aka rubuta sunana a gaban aiki uku: in sa a yi wa rijiyar tsakar gida murfin ƙarfe mai kwaɗo, in je asibitin koyarwa na Shika in samo likitan ƙwaƙwalwa da zai karɓi bayanansa tun kafin ya zo, in kuma tara mutanen gida ɗan Jos ya koya musu ta bidiyo abin da ake yi in ya faɗi. Aka sa zama na gaba a watan Fabrairu, ni zan shiga ta waya daga Zariya in faɗi inda aka kwana.